Gawon Gonar Baba da Akwatin Saƙo

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku yadda aka kai ni lekol, wato makarantar boko, na rubuta shekarun da na yi a gidan waya na Damagaram ina hawan turaku, har labarin aurena da mahaifiyarku na rubuta, ta karanta ta ce na yi ƙari a wuri biyu. Amma duk sa'ad da na iso shekarar da muka kafa rezon ƙauye, wato hanyar aika saƙo tsakanin garuruwa, sai in aje alƙalami in ce idona ke ciwo, alhali idona lafiya lau. Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan yayana Abdu, kun sha jin ana cewa shi ne ya riƙa tsinke wayar akwatin Kwarin Tsamiya don baƙin ciki da ƙanensa. Ƙarya ce, kuma daga bakina ta fito. Ga yadda abin ya faru.

Mu biyu ne maza a gidanmu. Ni aka ɗauka ina ɗan shekara bakwai aka kai lekol, daga nan sai birni, sai albashi, sai takalmi mai igiya. Yaya Abdu ya zauna da gona da Inna. Mutum ne mara yawan magana, idan ya faɗi abu sau ɗaya ya gama, ko ka ɗauka ko ka bari. Ni kuwa kun san ni, Allah ya ba ni baki da saurin fushi, ya hana ni birki. Ƙauyenmu yana ƙasar Droum, cikin kwari kamar yadda sunansa ya nuna. Lokacin da salula ta cika duniya har mai tallan goro yana da tasa, a can ba ta kamawa ko kaɗan. Mai son kira sai ya taka tafiyar awa guda zuwa bakin hanyar mota, ya ɗaga waya sama yana juyi kamar mai neman wata.

Ranar da Inna ta rasu, da safe ne. Yaya ya tashi mutum zuwa bakin hanya, mutumin ya isa ya tarar rezo ya ɗauke. Labari bai same ni ba sai bayan azahar. Da na isa an riga an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmin gaisuwa. A gaban mutane na tsaya a kan Yaya na ce ashe sai a binne uwata ban sani ba. Ya ɗago kai ya ce:

"Na aika, Sule. Hanya ce ba ta kai ba."

Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce, amma zuciyata tana neman wanda za ta ɗora wa laifi, shi ne kuma a kusa. Daga ranar muka koma gaisuwar sama-sama. In na je ƙauye in sauka gidansa, in ci tuwonsa, amma hira ba ta wuce ta damina da lafiyar iyali.

Shekarar da na aje aiki, zama ya ishe ni. Na gyara rediyon gidanmu har sau uku ba tare da ta lalace ba, mahaifiyarku ta fara ɓoye fankarta kada in kwance. A nan ne Balkisa, babbar 'yata, wadda ke koyar da kwamfuta a lise, wato babbar sakandare, ta dawo daga wani horo a Yamai da wani ƙaramin akwati a jakarta. Ta ce akwai hanyar da ƙauyuka za su yi magana da juna ba tare da jiran kamfani ba. A kafa turken ƙarfe a kowane gari, a sama a ɗaura antan, wato eriya, a ƙasa akwati da batir, fano kuma yana shan rana yana ba su wuta. Mutum ya tsaya kusa da turke da salularsa ya yi saƙon murya, akwatin garinsu ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa wa na gabansa, kamar yadda magina ke miƙa tubali hannu da hannu har ya kai sama. Ba mai shi sai mutanen da suka kafa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ta kuma maimaita mini har sau biyu: kowane antan sai ya hangi ɗan'uwansa, ido da ido, ba abin da ya gitta a tsakani.

Ina jin haka na tuna tabarmar gaisuwar Inna. Na ce wallahi sai mun yi.

Ba zan cika ku da labarin yawon da muka sha ba. Garuruwa bakwai suka yarda, aka kafa komite, 'yan ƙauyukan da ke aiki a birni suka taimaka da kaya, makera suka yi mana ƙafafun turaku, mata suka ɗebo ruwan kwaɓa siminti. Turke na farko a gidan likita na Droum, don majo, wato babban malamin jinya, ya riƙa jin kira. Na ƙarshe kuma, mafi nisa, shi ne namu. Kowane gari aka naɗa mai kula da akwati, aikinsa ya goge fano, ya duba 'yar fitilar nan kore tana ci, ya riƙe makullin kwado. Mun yi aikin a tsakiyar damina, domin lokacin ne Balkisa ke hutun lekol. Ku riƙe wannan, a tsakiyar damina.

Na zaɓi wurin turkenmu da kaina, a gefen gonar Baba, dab da shiga gari. Yadda muke gwadawa shi ne, Balkisa ta tsaya can Garin Makera, garin da ke gaba da mu, da madubi a hannu tana haska rana, ni kuma in hau tsani in duba. Na hau, na kuwa ga walƙiyar madubin tar, ta tsakanin rassan babban gawon da ke tsakiyar gonar, rassa tsirara ba ganye ko ɗaya. Na sauko ina murna na ce a haƙa rami. Ana cikin haƙa, rabin gari sun taru suna kallo, sai ga Yaya ya fito daga cikin gero da hauya a kafaɗa. Ya dubi ramin, ya dubi gabas, ya ce:

"Sule, na ji yarinyar nan ta ce sai sun hangi juna. Da rani ba a hango Garin Makera daga nan."

Abin da ya kamata in yi shi ne in ce masa, don me, Yaya? Kalma biyu ke nan, ba su fi ƙarfin bakina ba. Amma ga mutane, ga ni da mita rataye a wuya, ana ta kirana injiniya. Sai na ce:

"Yaya, kai da hauya, ni da waya. Kowa ya tsaya a nasa."

Aka yi dariya. Shi ma ya ɗan murmusa, ya gyara hauyarsa ya koma cikin gero. Bai sake tayar da maganar ba. Da komite suka ce shi zai kula da akwatin tunda a gonarsa yake, ya karɓi makulli da hannu biyu.

Wata uku abin ya yi aiki kamar ba zai taɓa tsayawa ba. Saƙon farko da ya shigo na majo ne, yana cewa yana gaida mutanen Kwarin Tsamiya, aka sa shi ya fi sau ashirin ana saurare. Tsofaffin da na ɗauka ba za su kula ba su suka fi kowa damun turken. Wata gwaggonmu kullum da hantsi sai ta zo ta gaida ƙanwarta da ke aure gari uku gaba, ta tambayi kowa a gidan har da akuya. Aka gano saniyar da ta ɓata, aka riƙa jin farashin wake kafin a ɗaura wa jaki kaya, sau biyu kuma motar likita ta zo ta ɗauki mai naƙuda tun abin bai yi nisa ba. Yaya kuwa, kullum bayan sallar asuba yana wurin. Da bakin rawaninsa yake goge fano kafin a samo masa tsumma, ya kewaye turken da ƙaya kada dabbobi su yi susa a jiki. Ni ina birni ina karɓar yabo, har na fara tafiya ina wani ɗaga kafaɗa.

Da aka yi girbi aka ɗaure dammuna, sai rezon ya fara wasa. Yau saƙo ya tafi, gobe ya maƙale, jibi ya isa rabi. Kafin sanyi ya kama sosai ya mutu murus, a garinmu kaɗai, sauran shida suna ta hirarsu. Sau huɗu ina hawan moto daga Damagaram. Na canza batir, na canza akwati, na bi waya da mita, komai lafiya, fitila kore tana ci. Sama ce kawai ban hau ba, don gwiwa ta fara damuna, kuma a ganina abin da na ɗaure da hannuna ba ya kwancewa. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne, duk zuwan nan huɗu a inuwar gawon nake zama in ci abincin da matar Yaya ta aiko, ina kallon turke ina tunanin me ya lalace. Ban taɓa tambayar kaina daga ina wannan inuwa ta fito ba, alhali ranar da muka haƙa rami rana ce ta gasa mu a daidai wurin.

Ana cikin haka matar wani saurayi mai suna Habu ta kama naƙuda mai wuya. Ya zo turke ya yi ta kira, shiru. Aka ɗora ta a amalanken shanu zuwa Droum. Ita Allah ya tashi kafaɗunta, jaririn bai zo da rai ba. Bayan kwana uku aka kira reniyo, wato taron komite, a ƙofar mai gari, kowa da kowa ya zo. Habu bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, ni na gaya musu abin nan ba ya mutuwa muddin akwai rana, to ga rana, me ya kashe shi? Duk ido ya dawo kaina. Shekara talatin ina aiki ba a taɓa tambayata abin da ban san amsarsa ba a gaban jama'a. Sai na tuna a zuwana na biyu na tarar da kan wata waya ya ɗan yi sako-sako, abin da iska ma kan yi. Na ce:

"Kayan nan lafiyarsu lau. Sai dai in hannu ke taɓa su."

Na faɗa, na kuma dubi inda Yaya yake zaune. Ban kira suna ba, na daɗe ina fakewa da wannan, amma makulli ɗaya ne a garin. Nan take kowa ya tuna shi ne ya yi magana ranar haƙa rami, kowa ya tuna abin da ya faru a tabarmar gaisuwa. Mai gari ya ce, don a kwantar da hankali, a ba wani makullin. Yaya ya zaro shi daga aljihu, ya haɗa da tsumman goge fano a ninke, ya aje a gaban mai gari. 

Da na koma gida na ba mahaifiyarku labari ina jiran ta ce na yi daidai. Tana tankaɗe gari, ba ta ko ɗago ba ta ce:

"Malam, mutumin da ke goge abu da rawaninsa ne zai tsinke shi? Kai dai ba ka gano ciwon ba, ka nemi wanda za ka shafa wa."

Na yi fushi na ƙi cin tuwo, ta ce ba komai, gobe a ɗumama. Balkisa kuwa tambaya ɗaya ta yi mini, ko na sake gwada madubi. Na ce me zai sa, ai garuruwan ba su matsa ba. Ta ce duk da haka. Ranar Asabar muka tafi tare, ta wuce Garin Makera, ni na ja gwiwata na hau tsani. Da na kai sama na dubi gabas, babu madubi, babu Garin Makera, babu komai sai ganye, kore shar, cunkus kamar bango.

Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san halin gawo. Sauran itatuwa suna ganye da damina, shi lokacin yake zubar da nasa ya bar wa gero rana. Idan kowa ya bushe da rani, shi lokacin yake tohowa. Ni kaina na yi kiwon awaki a ƙarƙashin wannan icen ina tsince musu 'ya'yansa. Ban jahilci abin ba, mantawa na yi, don na daɗe ina kallon itatuwa ta tagar mota. Na daɗe a kan tsanin nan, kunya ta hana ni saukowa.

Na sami Yaya a ƙofar gida yana tufkar igiya. Na durƙusa, abin da na daɗe ban yi masa ba, na ce gawon ne. Ya ce ya sani. Na ce ya sani, ya bari aka karɓe makulli a hannunsa a gaban 'ya'yan cikinsa? Ya ci gaba da murza kaba a cinya, can ya ce:

"Ka dubi idon samarin nan ranar reniyo? Jariri aka binne. Da na ce gawo ne, kafin la'asar sun yi masa aski har gindi. Icen da Baba ya tarar bai kai gwiwa ba, ya yi masa shinge da hannunsa."

Na tuna yadda Baba ke ce mana a zamanin sarakunan da, wanda ya sare gawo a ƙasar Damagaram sai ya amsa a fada, na tuna dukan da na sha ranar da na karya masa reshe. Na ce to yanzu zan je in gaya wa mai gari gaskiya. Ya ce a'a, in bari tukuna sai zukata sun kwanta, shi zagi ba ya hana shi barci. Sannan ya aje igiyar ya ce in biyo shi. Ya kai mu, ni da Balkisa da ta riga ta dawo daga Garin Makera, wani ɗan tudu arewa da gari, inda suke shanya wake, ya nuna da haɓa. Ga Garin Makera can a fili, ga garinmu a ƙasa, gawon yana gefe abinsa. Ya ce ba dole saƙo ya ratsa ta cikin ice ba, ya kewaya mana. Balkisa ta yi dariya har da hawaye, ta ce Baba Abdu, ai haka aka ƙera abin tun farko.

Muka tone turken muka mai da shi tudu, kafin magariba gwaggonmu tana gaida akuyar ƙanwarta. Da aka tambaye ni me ya faru, na ce tudun ya fi kama rezo. Ban yi ƙarya ba, amma ban yi tunanin yadda mutane za su fassara ba. Abin da suka gani shi ne, an ɗauke turke daga gonar Abdu, an karɓe makulli daga hannunsa, sai ga abu ya gyaru. Gyaran da na yi shi ya zama shaidar da ta tabbatar masa da laifi.

A nan ne nake so ku saurare ni da kyau, don a nan laifina na gaske yake. Yaya cewa ya yi sai zukata sun kwanta. Zukata sun kwanta tun daminar da ta biyo baya, Habu ya sake samun haihuwa, turke ya bar wurin, ba wanda zai ƙara taɓa gawon ko an faɗa. Daga nan ba icen nake karewa ba, sunan injiniya nake karewa. Kowace Sallah in tafi da niyyar faɗa bayan an sauko daga idi, in dawo ban faɗa ba. Shi kuma bai taɓa tuna mini ba ko da ido. Muka dawo muna hira kamar da, har ya fi da, yana aiko mini da wake da kuka, ina kai masa maganin ƙafa. Amma na lura ya daina zama a ƙofar mai gari, an daina kiransa rabon gado da sasanta rikicin iyakar gona, shi da a da ba a yi sai da shi. Na gani sarai, na kau da kai. Shekara shida muka yi a haka.

Ranar da ya rasu, ina zaune da safe an ɗora shayi, saƙo ya bi turaku ya fito Droum, majo ya kira ni, kafin shayin ya nuna na ji. Na isa da wuri, da ni aka yi masa wanka, na sa kafaɗa a makararsa. Abin da na kafa rezon dominsa ya biya, a kan mutumin da na zalunta da shi. A maƙabarta, ana cikin zuba ƙasa, na ji wani a bayana yana cewa a hankali, mutumin kirki ne, Allah dai ya yafe masa abin wayar nan. Na ji da kunnena, na kuma yi shiru. Wannan shirun ya fi maganar da na yi ranar reniyo muni, ba na neman ku yi mini uzuri a kansa.

Ran Juma'ar da ta wuce na sa Balkisa ta kai ni ƙauye. Bayan an sauko daga masallaci na hau tudun nan da sandata, na tsaya a gindin turke, na danna salula na faɗi duk abin da kuka karanta a nan da muryata, na ce a tura wa garuruwan bakwai. Na faɗi sunana da sunan ubana, na ce Abdu bai taɓa waya ba, ni na kafa turke a bayan gawo, shi ya gaya mini ban ji ba. Na roƙi komite su mai da makulli gidansa, sun kuwa mayar, yana hannun babbar 'yarsa. Saƙonni suka yi ta shigowa, wasu na addu'a, wasu na mamaki. Na ƙarshe na Habu ne, wanda yanzu shi ne shugaban komite. Muryarsa a kwance, kamar ranar reniyo:

"Malam Sule, mun ji, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da ka faɗa yana da rai, da mun je mun ba shi haƙuri."

Na mai da salular aljihu. Na ce wa Balkisa ta jira ni a mota. Na gangara gonar Baba a hankali na zauna a gindin gawon. Rani ne, akwai inuwa.